Nonon da Aka Hana Saudatu Bayarwa

"Wallahi ba za ki ba shi ba!"

"Maigida, dubi ɗan nan fa... dubi maɗigarsa!"

Ɗanasabe bai duba ba, don ya riga ya gani tun da safe. Tsakiyar kan jinjirin ta faɗa kamar an danna da babban yatsa. Zawo kuwa sai ka ce an kwance bakin salka.

Saudatu na zaune a kan gadon jego, an ɗaure mata ƙirji tamau da tsohon zane. Nono ya cika ya yi tauri, ya jiƙe zanen har yana ɗiga a cinyarta. Ga abinci, ga mai jin yunwa, an shiga tsakani.

Abin da ya jawo haka ba ɓoyayye ba ne, duk garin Riruwai an sani. 'Ya'ya biyu ta haifa a baya, duka a bakin nono suka koma. Da wannan ya zo, Inna Turai, uwar Ɗanasabe, ta ce ba za a sake ba sai an gwada. Aka kira Asibi ungozoma, ta tatsi nonon a ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa. In ta fita, nono lafiya lau. In ta mutu, akwai dafi. Tururuwa ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, can ta miƙe ƙafafu.

Asibi ta ce, "Wannan ko ɗan akuya aka ba, sai wani ikon Allah."

Shi Ɗanasabe leburan haƙar kuza ne, ba mai sanyin jiki ba. Ya sha ganin matar Baturen kamfani tana ɗura wa ɗanta madarar gwangwani, ɗan kuwa ɓul-ɓul kamar kabewa. Ya tafi kanti ya sayo gwangwani, kukun Baturen ya samo masa tsohuwar kwalba mai bakin roba. Rubutun jikin gwangwanin kuwa ba mai iya karanta shi a gidan. Inna Turai ke damawa da ruwan randa, yadda take dama kunu, tana tsinkawa don ya yi auki.

Tun daga ranar cikin yaron bai tsaya ba.

"Saude, ki yi haƙuri," ya sassauta murya. "Ke ce hasken ɗakin nan. Amma ni na haƙa ramin Ali da hannuna, ni na haƙa na Maijidda. Ba zan iya na uku ba!"

"To wa ya ce maka ba shi kake haƙawa da wannan kwalbar ba?"

Maganar ta sare shi kamar diga. A tsakar gida ya ji Inna tana faɗa wa maƙwabciya a dakata da surfen geron suna tukuna. Hadari ya taso daga bayan duwatsu, kaji sun shige akurki tun la'asar ba ta yi ba.

Yaron ya buɗe baki zai yi kuka, sauti bai fito ba.

"Maigida... alfarma ɗaya. Kamo mini tururuwa."

"Ta me?"

"Ka jefa a madarar taka. In ta fita, wallahi ba zan sake buɗe baki ba."

Ya yi tsaki, amma ya duƙa gindin bango ya kamo. Ya tsiyaya madarar a murfin ƙwarya, ya saki tururuwa a tsakiya. Suka zuba ido. Ta yi fafutuka, ta nufi gefe, ta dawo. Can ta daina motsi.

Ɗanasabe ya daɗe a durƙushe.

"To wannan ma dafi ce ke nan?"

"Ban sani ba, Maigida. Ni dai na san ɗana yana tafiya, ni kuma ina zubar da rabonsa a zane."

"In kuma gaskiyar Asibi ce fa?"

"To ya tafi da cikinsa a ƙoshe, a jikin uwarsa! Kada ya je ya ce na hana shi..."

Kuka ya ci ƙarfinta.

Ya miƙe. Ya zaro wuƙa daga ƙugunsa ya yanke ƙullin zanen.

Inna Turai ta ɗago asabari, ta ƙwalla ihu. "Ɗanasabe! Ka haukace? Kashe mini jika za ku yi?"

"Inna, ki yafe mini," ya ce, kansa a ƙasa. "Ban taɓa ƙetare maganarki ba. In ya mutu, kada a ce Saude. A ce ni ne."

"Alhakinsa a wuyanka!"

"Na ɗauka."

Ya tallafo kan yaron da tafin hannunsa mai kanta, ya kai shi. Ɗan bakin ya taɓa nono, ya zame. Saudatu ta tatsa masa a leɓe, tana kiransa, "Baban gida... ɗan lelena, kama mana... kama don Allah!" Ya sake zamewa. Ruwa ya kece a kan jinka.

Sai ta zabura, ta damƙe hannun mijinta.

"Yana ja! Maigida, wallahi yana ja!"

Ɗanasabe bai yi murna ba. Na baya ma sun ja. Ya je ya zauna a bakin ƙofa, ya tokare ta da ƙafarsa, ruwa yana dukan bayansa, idonsa a kan ɗan maƙogwaron da ke hawa yana sauka.