Guntaye Goma Sha Ɗaya

"Ba zan sa hannu ba, Alhaji."

Abin da Injiniya Ramla ta faɗa ke nan ranar Laraba, a gaban ma'aikata, ta tura wa Alhaji Muttaka takardarsa. Shi ne mai kamfanin katakon da ke bayan Ƙofar Kwaya, ita kuma ke riƙe da ɗakin gwajin kamfanin. Takardar shaida ce cewa katakon maɗacinsa zai ɗauki rufin sabon ɗakin haihuwa a wani ƙaramin asibiti a Gobarau. Ranar Asabar kafintoci za su hau.

Washegari ta tarar da littafin gwajinta ya ɓace, tare da wasu guntayen katako. Ba ta tsaya cacar baki da kowa ba. Ta hau a-daidaita-sahu ta nufi caji ofis.

Insfekta David Markus ne ya biyo ta, mutumin kudancin Kaduna da ya shekara tara a Katsina. Ya duba ƙofar ɗakin. Kwaɗo lafiya lau.

"Injiniya, wa zai saci karyayyen katako?"

"Wanda ya san amfaninsa, yallaɓai." Ta dafa wata na'ura mai ƙafafun ƙarfe. "Nan nake ɗora katako, in danne tsakiyarsa har ya karye, in rubuta nauyin da ya karya shi. Guda sittin na karya. Lambar ƙarfin katako, wadda mai zanen gini zai dogara da ita, daga raunanan ake fitar da ita, domin rufi ta wajen katako mai rauni yake ruftawa. Goma sha ɗaya sun karye tun na'urar ba ta yi nishi ba. Su aka ɗauke."

"In babu su fa?"

"Lambar ta haura. Kowane injiniya zai sa hannu."

Alhaji Muttaka ya shigo yana jan carbi. Aka gaisa, aka tambayi gida da aiki da gajiya.

"Insfekta, yarinyar nan ta yi karatu, amma karatun ya hau mata kai. Ba abin da ya ɓata. Arba'in da tara aka gwada, ga su nan. Littafin kuwa ita ta san inda ta jefar da shi."

Insfekta ya tsuguna yana juya guntayen. Kowanne da lamba a jikinsa da shuɗin fenti. Ya ɗago ɗaya.

"Alhaji, wannan sittin aka rubuta."

"Kuskuren mai fenti ne."

"Ni ce mai fentin," in ji Ramla.

Makullin ɗakin uku ne: nata, na Alhaji, da na Mahmud mai kula da sito, dattijo mai furfura a gemu. Insfekta ya same shi yana jera kusoshi.

"Malam Mahmud, jiya bayan an tashi ina ka je?"

"Gida kai tsaye, ranka ya daɗe."

"Da baro?"

"Wane baro?"

"Wanda tayarsa ta bar sawu daga ƙofar ɗakin gwaji har bakin titi."

Mahmud ya ce shara ya kwashe. Da aka tambaye shi bolar da ya zubar, ya ce ya manta.

Sawun ya ɓace a kwalta. Insfekta ya tsaya yana kallon layin, sai ya hangi hayaƙi. Wata tsohuwa ce, Baraka, take suyar waina a ƙofar gidanta. A murhun akwai guntun katako, rabinsa ya ci wuta, rabin da ya rage ɗauke da lamba goma sha bakwai.

"Sannu da aiki, Inna."

"Yawwa ɗan nan. Ta nawa za a sa maka? Ko ku 'yan sanda kyauta kuka saba?"

"Yau itacen nake so. Wa ya kawo miki?"

"Mi ya faru? Ƙanen maigidana ne, Mahmudu. Cewa ya yi an ce shi kai bola, shi kuwa ba ya iya kallon itace a bola ga ni ina saye."

"Maɗaci mai kyau haka?"

Ta yi dariya har ta saki cokali. "Wa ya ce maka maɗaci ne? Shekara talatin ina hura wuta. Matso da hancinka. Ka ji ƙamshin ƙaro? Maje ne wanga, an shafe shi da jan kala. Dubi cikinsa inda ya karye."

Bayansa ja ne, cikinsa fari-fari. Guda takwas suka rage a zaurenta. Insfekta ya saya mata ɗaurin itace biyu, ya kwashe guntayen.

A ofis ya jera su a kan tebur. Mahmud na ganinsu ya zauna a ƙasa.

"Alhaji ne ya ce in jefa su bola. Littafin yana hannunsa. Wallahi ban san asibiti za a kai ba."

"Ka sani," in ji Ramla. "Kai ka rubuta takardar lodi."

Ya sunkuyar da kai.

An sami littafin a ƙarƙashin kujerar motar Alhaji. Da Insfekta ya buɗe masa shafin, carbin ya tsaya.

"Maɗaci ya yi wuya, Insfekta. Abin da na samu bai kai ba, na cike da maje. Ɗaya cikin biyar ne kawai. Na ɗauka masu ƙarfin za su riƙe sauran."

"Ta gaya maka ba za su riƙe ba?"

"Ta gaya mini."

"Sau nawa?"

"Sau uku."

"To mu je."

Wani kofur ya buɗe wa Alhaji bayan mota, shi da Mahmud. Ranar Asabar ba wanda ya hau ginin. Aka sauke lodin katakon asibitin a harabar caji ofis, aka yanka kan kowane katako, aka sami maje sittin da biyu cikin ɗari uku. Ungozomar asibitin ta zo ta gani da idonta, ta daɗe tana hamdala, sannan ta kama hannun Ramla ta ƙi saki.

Bayan wata huɗu aka rufa ɗakin da katakon da aka gwada a wani wuri. Damina ta zo da iskarta ta wuce, rufin bai motsa ba.

Kamfanin kuwa an rufe shi, mutum ashirin da uku suka rasa aiki, kuma da yawansu ba sa amsa gaisuwar Ramla har yau. Ta yi wata goma sha huɗu a gida. Ta nemi aiki a wuri bakwai a Katsina, ko'ina aka ce sun ji labarinta, za su kira. Ba wanda ya kira. Yanzu lissafi take koyarwa a wata makarantar 'yan mata, kuma tun bayan ranar Alhamis ɗin nan ba ta sake taɓa na'urar gwaji ba.