Ƙaguwoyin Baba Ebenezer

Ranar Lahadi da rana aka bugo waya caji ofis cewa an tsinci gawar wani tsoho a Mahuta, kuma samarin layin sun kama mutum suna duka.

Sufeto Binta ce a bakin aiki. Ta ture kwanon shinkafar da ta fara ci, ta ce wa Kofur Kevin ya tayar da mota.

Kafin su isa an riga an fasa wa mutumin baki. Sunansa Nuhu, mai yawon feshin maganin sauro da kuɗin cizo gida-gida, yana da 'yar rumfa a bakin layin. Da ƙyar Kevin ya ƙwace shi ya tura shi bayan mota. Wani dogo da kayan coci a jikinsa ya biyo su yana ihu.

"Shi ne! Duk layin nan suna coci, shi kaɗai ya rage. Wa zai shiga in ba shi ba?"

"Kai kuma wane ne?" in ji Binta.

"Wilson. Babana ya kashe."

Binta ta daɗe tana aiki a wannan ɓangaren na kogin da ya raba garin biyu. Ta san idan sunan mamaci Ebenezer ne, sunan wanda ake zargi kuma Nuhu, maganar ba ta tsayawa a layi ɗaya. Ta kuma san abin da ke jiran Nuhu idan ba ta samo gaskiya ba: kotu, daga nan gidan yari, jiran shari'ar da mutum kan yi furfura bai ga ƙarshenta ba.

Ɗakin ƙarami ne. Tun daga bakin ƙofa warin maganin ƙwari fiya-fiya ya doki hancinta har sai da ta toshe da mayafi. Baba Ebenezer yana kwance a kan gado an rufa masa zane. Tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ɓarin jikinsa ya shanye shekaru da yawa, ga asma. A ƙasa kyankyasai ne birjik sun juya ciki sama. Wata tsaka ta faɗo daga bango ta sandare.

Kusa da kan gadon akwai teburi, a kansa akwatin gilashi. Rabinsa yashi ne da duwatsu, rabi ruwa ɗan kaɗan. Binta ta sunkuya. Ƙaguwa huɗu ne a ciki. Ɗaya ta ɗaga manyan hannayenta kamar za ta yi faɗa, wata ta ruga ƙarƙashin dutse.

"Kevin, zo ka gani. Komai ya mutu a ɗakin nan ban da waɗannan."

"Madam, abin ruwa taurin rai gare shi. A garinmu sai ka jefa ƙaguwa a tukunya tana fitowa."

'Yar mamacin, Edith, tana zaune a dakali da ɗankwalin coci a kanta. Siririya ce, hannayenta duk sun yi kanta saboda wanki. Ba ta kuka.

"Ke kike kula da shi?"

"Ni ce, Madam."

"Yaya kika bar shi da safe?"

"Lafiya. Na ba shi koko, na juya shi, na tafi coci. Da na dawo na tarar da ƙofa da taga a rufe, ga wari."

"Kin taɓa wani abu a ɗakin?"

"Taga kawai na buɗe."

Da aka ɗauke gawar za a sa wa ɗakin kwaɗo, sai Edith ta miƙe da sauri.

"Don Allah, Madam, a bar ni in fitar da ƙaguwoyin. Warin zai kashe su."

Binta ta ɗan tsaya tana kallonta, sannan ta ce ta ɗauka.

A caji ofis Wilson ya ƙi zama, a tsaye ya ba da bayaninsa.

"Kowa ya san sun yi faɗa. Kwanakin baya Nuhu ya zo da tankin feshinsa kusa da tagar Baba, Baba ya jefe shi da kofi. Ya ce in ya sake kawo abin nan kusa da ƙaguwoyinsa sai ya tsine masa. Shi ne Nuhu ya riƙe a zuciya."

"Kana wurin?"

"An gaya mini."

"Kana zuwa gidan sosai?"

"Duk sati. Daga Gonin Gora nake tasowa, ba na fashi."

"Ƙaguwa nawa ne a akwatin?"

Wilson ya yi tsaki. "Ina ruwana da ƙaguwa? Biyu ne ko uku. Madam, babana ya mutu kina tambayata ƙaguwa?"

"Yaushe rabonka da gidan?"

Ya kawar da kai. "Kirsimeti. Aiki ne ya yi yawa."

Nuhu kuwa da aka fito da shi daga bayan kanta, leɓensa ya kumbura har maganarsa ba ta fita sosai.

"Ranki ya daɗe, wallahi ban shiga gidan ba."

"An ga sawun takalmin robarka a tsakar gida."

"Na jiya ne."

"An yi ruwa jiya da yamma, Malam Nuhu."

Ya sunkuyar da kai. DPO ya leƙo ya ce wa Binta kada ta ja maganar nan, gari ya fara ɗaukar zafi, gobe a shirya takardun kotu.

Washegari da safe likita ya tabbatar da cewa warin maganin ne ya toshe wa tsohon numfashi. Binta ba ta koma ofis ba. Ta tuna da sunan shagon da ta gani manne a gefen akwatin gilashin, ta sa Kevin ya kai ta Barnawa.

Shagon kifin ado ne, mai shi wani Derrick, mai fara'a da surutu. Da ya ji labarin sai fara'ar ta ɗauke.

"Ayya, Baba Ebenezer. Ni na haɗa masa akwatin. Da masaƙa ta rufe ya koma kamun kifi a kogi, can yake samo su. Da ya kwanta ciwo su ne talabijin ɗinsa."

"Suna da wuyar kiwo?"

"Ba wuya, sai dai tsari. Ba a zuba musu ruwan famfo kai tsaye, sai ya kwana a bokiti. Ba a cika ruwan, dole su samu inda za su hau su sha iska. In ɗaya ta yi saɓa jikinta ya yi laushi, a ware ta, in ba haka ba 'yan'uwanta su cinye ta. Edith ta fi ni sanin wannan yanzu."

"Idan aka zuba fiya-fiya a ɗakin da suke, aka rufe ƙofa da taga fa?"

"Kai, Madam! Ko maganin sauro na kunnawa ban yarda a kunna a shagon nan ba. Ƙaguwa da kyankyaso kusan dangi ne. Abin da ya kashe wannan zai riga kashe waccan."

"Ba za su kai a dawo daga coci ba?"

"Ko wa'azi ba za a fara ba."

"Idan kuma bayan an buɗe taga aka shigar da su, na ɗan lokaci?"

Derrick ya girgiza kai. "Za su yi kamar ba komai. Amma ya riga ya shiga ruwan. A hankali za su tafi."

A mota Kevin ya ce, "To ke nan ba sa cikin ɗakin lokacin."

"Ba sa ciki. Wani ya fitar da su, ya kuma mayar. Ka taɓa ganin wanda ya zo kashe mutum saboda haushin ƙaguwa, ya tsaya ceton ƙaguwar?"

Da suka koma ofis ta sa aka sake fito da Nuhu. Wannan karon ta ba shi kujera da ruwa.

"Malam Nuhu, yau za a kai ka kotu. In ka shiga can ba ni da sauran iko. Me ka gani a gidan?"

Ya daɗe yana juya kofin a hannunsa.

"Na shiga, ranki ya daɗe. Maƙwabciyarsu ta bar mini makulli in yi mata feshi kafin ta dawo. Da na zagaya bayan kicin zan wanke hannu, sai na ga akwatin ƙaguwar Baba a gindin gwaiba, an rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Na ce to, ko yau an fito da su shan iska ne. Har na ɗauke tankina na matsar nesa."

"Me ya hana ka faɗa tun jiya?"

"In na ce na shiga, wa zai saurari sauran?"

"Ka sayar wa wani a gidan da magani?"

Idonsa ya kawo ruwa. "Ranar Asabar. Ta ce kuɗin cizo ya dame ta. Ranki ya daɗe, yarinyar nan ko tuwo ta yi sai ta miƙo mini. Ban so sunanta ya fito daga bakina ba."

Da suka isa Mahuta rumfar Nuhu babu ita, sai toka da lanƙwasassun kwanon rufi. Binta ta ce Kevin ya tsaya a ƙofar gida, ita ta zagaya baya.

Edith tana tsugune a gindin gwaiba, akwatin a gabanta, tana sauya ruwan da ƙaramin kofi. Biyu daga cikin ƙaguwoyin ta riga ta kwantar da su a kan ganye, ƙafafunsu sun saki.

"Nan kika ajiye su jiya ma," in ji Binta.

Hannun Edith ya tsaya. Ba ta ɗago ba.

"Akwai wani a bayan kanta saboda wannan, Edith. An ƙona masa rumfa. Yau za a kai shi kotu."

Edith ta ajiye kofin a hankali.

"Ban yi zaton zai shigo gidan ba, Madam. Na ɗauka za a ce tsautsayi ne, a binne Baba, shi ke nan. Da Broda Wilson ya fara ihu na buɗe baki zan yi magana, sai na kasa."

"Gaya mini yadda aka yi."

"Tun bara yake roƙona. Bayansa duk ya ruɓe da gyambo, in na juya shi sai ya ciji zane. Kullum sai ya ce, Edith, ki taimake ni in tafi. Ina ce masa zunubi ne. Na kira Fasto ya yi masa addu'a, yana fita ya sake roƙona." Ta share hanci da bakin zane. "Ba zan ɗora masa duka ba. Ni ma na gaji. Tun ina budurwa nake ɗakin nan, yanzu ƙawayena suna aurar da ƙannensu. Jiya da ya sake faɗa sai na ce to."

"Ƙaguwoyin fa?"

"Shi ya ce. Ya ce, fara fitar da su tukuna, su ba su yi wa kowa laifi ba. Na fitar. Na yi abin da na yi, na rufe ƙofa, na tafi coci na zauna a baya. Ban jira an sa albarka ba na dawo. Sai tsoro ya kama ni kada a tambaye ni me ya kai su waje, na mayar da su inda suke." Ta dubi biyun da ke kan ganye. "Abu ɗaya ya roƙe ni in kiyaye, shi ma na kashe."

Sai a nan ta fashe da kuka.

Binta ta bar ta har ta yi shiru. Ba ta ciro ankwa ba. Ta kama hannunta ta miƙar da ita.

Wilson yana tsakar gida tare da masu gaisuwa lokacin da suka fito. Da ya fahimta sai ya yi kan ƙanwarsa da zagi, Kevin ya tare shi da ƙirji.

"Oga, ja baya. Tun Kirsimeti ba ka da ƙarfi, sai yau?"

A bakin mota Edith ta juyo.

"Madam, saura biyu. Akwai ruwan da ya kwana a bokiti a kicin. Kada a zuba musu na famfo."

Babu wanda ya motsa a cikin mutanen gidan. Binta ta koma da kanta ta rungumo akwatin, ta zauna a gaba ta ɗora shi a cinya.

Da la'asar aka saki Nuhu. Ya tsaya a ƙofar caji ofis da tankin feshinsa, ya dubi hanyar Mahuta, sannan ya tsallaka titi ya tsayar da keke mai zuwa Tudun Wada, can ƙetaren kogi.

Binta ta ajiye akwatin a kan teburinta. Ɗaya ta riga ta juya ciki sama. Ɗayar ta hau kan dutse ta tsaya, ƙafa ɗaya tana rawa.

Daga bayan kanta Edith ta ɗago murya. "Madam, suna motsi?"

Binta ta daɗe tana kallon gilashin.

"Ɗaya tana motsi," ta ce.