Likitan Da Ya Ƙirga Takwas

A zamanin da, can ƙasar Jamus, an yi wani likita mai binciken jikin ɗan'adam. Wata rana ya ƙirga ƙasusuwan wuyan hannun wata gawa, ya samu takwas, alhali littafin malaminsa ya ce bakwai ne. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, takwas dai. Sai ya zana su, ya kai wa malaminsa.

Malamin ya ce, "Rubuta bakwai, ko ka bar makarantata."

Likita ya ce, "Allah gafarta malam, abin da na gani zan rubuta."

Aka kore shi.

Bayan shekaru malamin ya karye a wuyan hannu. Da zanen korarren likitan aka ɗora shi. Ranar da ya warke, malamin ya ɗauki alƙalami ya gyara littafinsa, ya mai da bakwai takwas.