Tsutsa Ba Ta Tafiya Sak

Ranar Litinin aka buɗe akwatin gilashi a ɗakin tarihin garin Houffalize. Masanin da aka ɗauko daga Liège ya juya gajeriyar bindigar da ke ciki sau biyu, ya ce, "Jabu ce. Lambar jikinta sabon bugu ce."

Tsoho Firmin Lambotte ya miƙe. A hunturun 1944 babansa ya ɓoye wani sojan Amurka a rumbun ciyawa, sojan ya bar masa bindigar. Kafin rana ta raba, a mashaya har an fara kiran mamacin maƙaryaci.

"Ubana ne maƙaryaci? Musanya ta aka yi, 'yar nan!"

"Zauna, Baba," in ji Sufeto Odile Thiry. "Mutum nawa ke da makulli?"

Uku ne. Marthe mai shara ta ce, "Ni da wannan tarkace? Ko ƙurarta ba na gogewa." Remacle, dillalin kayan yaƙi, wata biyu ke nan yana kwance asibiti da karayar ƙugu. Dokta Collignon, likitan haƙori kuma shugaban ɗakin tarihin, ya girgiza kai. "Mutanen zamanin da akwai su da ƙarin gishiri. Ita ce dai tun farko a akwatin, ga ramukan tsutsa nan a ƙotarta."

Firmin mutum ne da kan wuni yana bin layin tururuwa. Ya zari tsinke daga tsintsiyar Marthe, ya zura a rami guda. Tsinken ya shige sumul.

"Tun ina yaro nake gwada wannan, bai taɓa wuce rabin farce ba. Tsutsa ba ta tafiya sak, tangaɗi take kamar mashayi."

Sufeto ta gwada ramuka goma sha ɗaya. Duk miƙaƙƙu, duk faɗi ɗaya.

"Hudawa aka yi. Wa ke da abin huda siriri haka a garin nan, Dokta? Kuma ba wanda ya ambaci ramuka sai kai. Ka ƙosa a yaba aikinka."

A bayan kabad ɗin asibitinsa aka samo bindigar ta asali, naɗe da bargo.

"Baƙin ɓarawo!" in ji Firmin. "Haƙora shida ka cire min, na ce na gode!"

"Shaida ce, Baba, ofis za ta," in ji Sufeto.

"Ta mashaya za mu bi."

Ya shimfiɗa ta a kan teburin giya, ya ajiye tsinken a gefenta.

"Wanda ya zagi ubana ya zo ya zura."