Fankar Hitar Motar Baba

Ranar da Auta ta shigo shagonsa da rigar kujerar mota a hannu, Tela ya soki yatsansa da allura, abin da rabonsa da yi tun shekarar da ya fara ɗinki.

"Ta Babanmu ce, ta yage ta gefe. Ya ce a sa zare mai ƙwari."

Aikin minti goma ne, amma Tela ya ce sai jibi, kuma shi zai kai har gida. Ta kalle shi ta gefen ido, ta ba shi lambar wayarta wai don kwatance. Kwatancen nan har wata uku bai ƙare ba.

Sai dai akwai abin da ya tsaya masa a rai a gidan. Baba tsohon direba ne, motarsa ta tsufa tare da shi. Fankar hitarta, mai huro iska mai ɗumi, ta kama kuka kamar ɓera a tarko, ga Baba da ciwon gwiwa, ba ya jure sanyin safiya. Duk Asabar sai wani saurayi mai gyaran wutar mota, da ake ce wa Mai Wayarin, ya zo gyara. Tela zai tarar da ƙafafunsa a waje, kansa a ƙarƙashin durowar gaban mota, Auta na tsugunne tana haska masa tocila. Mai Wayarin ya fesa wani mai, kukan ya tsaya, kafin Alhamis ya dawo.

Baba kuwa ya riga ya faɗi ra'ayinsa a gaban kowa: "Ni 'yata sai wanda ya san cikin ƙarfe. Mai allura ya ji da allurarsa."

Wata Asabar Tela ya kasa haƙuri, ya tura mata saƙo:

"Autata, fanka ɗaya wata uku? Ko jirgin sama ne ai ya tashi. Kuma na ga dariyar da kika yi masa."

"Telana, kansa ya buga da durowa, shi ya ba ni dariya. Baba ne ya ce in riƙe tocilar. Ko in bar shi a duhu?"

"Ki bar shi."

Kishi ya ci shi har ya ɗinka wa wani aljihu a baibai. Ranar Laraba ya rufe shago, ya ɗauki sukundireba, tsohon buroshin haƙori da kwalbar man keken ɗinki, ya je ya durƙusa gaban Baba.

"Baba, a ba ni izini in duba fankar nan."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Ka san mota?"

"Ban sani ba, Baba. Amma injin kekena ni nake kwance shi, shi ma juyawa yake yi."

"To ka ji. In ka ɓata min ita, kar in ƙara ganin takalminka a ƙofar gidan nan."

Tela ya naɗe hannun riga. Ya cire wayar batir, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin durowar. Auta ta kawo tocila, ya ƙi kallonta. Noti uku ne ke riƙe da fankar, dukkansu tsatsa ta cinye su, sai da ya jiƙa su da mai kafin suka motsa.

"Baba, waɗannan ba a taɓa kwance su ba," ya ce a hankali.

Baba ya sunkuyo da ƙyar, ya shafa notin da yatsa, ya kalli jan tsatsar da ya manne masa.

Fankar ta fito cike da busassun ganye da auduga, ga tsohon mai ya daskare da datti. Tela ya bi fikafikanta ɗaya bayan ɗaya da buroshi, ya goge sandar da take juyawa a kai, ya ɗiga mai digo bibbiyu, ya mayar. Da aka kunna, iska mai ɗumi ta taso babu ko ƙara.

"To," in ji Baba, ya shige gida.

Auta ta yi murmushi. "Bari mu ga ko za ta kai mako. Na wancan ma haka yake yi ranar farko."

Tsokana take yi, amma jin ta haɗa shi da wancan, Tela ya tattara kayansa ya tafi ko sallama babu. Ya ɗauki "To" ɗin Baba a matsayin kora, ya daina zuwa, ya daina ɗaga waya. Ta rubuto:

"Telana, wasa fa nake. Mai Wayarin ya zo ranar Asabar da gwangwanin mansa, Baba ya ce masa babu aiki. Kai nake jira, ba kowa ba."

Ya karanta ya fi sau goma, zuciyarsa na so, girman kai ya hana.

A mako na uku tsohuwar motar ta tsaya ƙofar shagon. Tela ya fito da sauri.

"Baba, ta lalace ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Wancan yana gyara ne don ya dawo, kai ka gyara ka gudu. Yarinya ta rame min a gida, uwarta ta hana ni sakat. Ka turo manyanka, na ba ka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da suka zo sallama, Baba ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Kai kuma, ɗana, ka rage kishin nan."

Auta ta sunkuyar da kai, ta ce cikin ƙaramar murya, "Ya rage dai, Baba, amma kar ya daina."