Toshasshen Murhun Gidan Ya Fanna

Dab da magariba Yoila mai walda ya sauke murhun ƙarfe a gidan da Ya Fanna ta kama haya a Tsohuwar Maiduguri. Daga Gamboru ya ɗauko shi. Ya Fanna mutuniyar Konduga ce. Rikici ya raba ta da gida da gona da miji, yanzu tuwon sayarwa ke riƙe da ita da jikokinta. Gas ya gagare ta, ta ce itace za ta koma.

A madafin gidan akwai tsohon murhu da aka gina cikin bango, da bututun hayaƙi har saman rufi. An toshe bakinsa da bulo. Mai gidan ya ce kada a taɓa shi, bai faɗi dalili ba.

"Fasa bulon, ɗana," in ji Ya Fanna. "Ciki za ka zaunar da sabon, hayaƙinsa ya bi tsohon bututu."

Yoila ya sa guduma, bulo ya zube. Wani ɗumi ya bugi fuskokinsu, da ƙamshin bandar kifi. Ya taɓa tokar ciki, ya janye yatsa.

"Ya Fanna," ya ce ƙasa-ƙasa, "tokar nan da zafi."

"Na ji. Tura murhun."

Suka tura. Ƙarfe ya yi ƙara a kan siminti, ya zauna daidai. Saura haɗa bututu. Yoila ya durƙusa, ya zura hannu sama cikin duhu yana laluben bakin tsohon.

Sai suka ji ana hura wuta. Fuu. Fuu. A hankali, irin hurin tsohuwa mai gajeren numfashi.

Yoila ya sandare.

"An riƙe ni."

Kafaɗarsa ta fara shigewa. Takalmansa na kartar ƙasa. Baƙin hayaƙi na zubowa kan wuyansa kamar gari.

Daga cikin bututun murya ta sauko, siririya, a bushe.

"Wa ya ba ki murhuna?"

Ya Fanna ta dubi bakin bututun. Ƙofa na bayanta a buɗe. Ba ta waiwaye ta ba.

Ta yi a'uziyya, ta cusa itace cikin sabon murhun, ta yayyafa kananzir.

"Da bindiga aka kore ni daga Konduga," ta ce. "Ke ko bindigar ba ki da ita. Gobe jikokina za su ci tuwo, kuma a nan za a tuƙa shi."

Ta ƙyasta ashana. Aka hure.

Ta sake. Aka hure.

Ta haɗa tsinken ashana ɗai-ɗai har suka cika yatsunta, ta kare da zani, ta ƙyasta da bisimillah.

Wuta ta tashi.

Wani dogon nishi ya bi bututun ya yi sama. Yoila ya faɗo da baya, wuyan hannunsa da shatin yatsu sirara. Da rarrafe ya fita, ko kayan aikinsa bai tsaya ɗauka ba.

Ya Fanna da kanta ta ƙarasa haɗa bututun, ta ɗora tukunya.

Har yau a nan take girki. Sai dai maƙwabta sun lura, komai yawan itacen da ta cusa, ba a taɓa ganin hayaƙi ya fita ta saman rufin ba. Da suka tambaye ta inda yake zuwa, ko muciya ba ta ajiye ba.

"Mai shaƙa ta yi ta shaƙa," ta ce. "Tuwo nawa za a zuba muku?"