Kututturen da Ya Rage a Bakin Ruwan Zafi

Duk wanda ya tashi a Marree, ƙaramin garinmu na cikin hamada, ya san ba a shiga ruwan zafin nan na arewa sai an fara yi wa dabinai sallama. Kakanninmu masu raƙuma ne suka yar da ƙwallayen a wurin, ƙwallayen suka zama itatuwa. Nazar ma ya san haka. Abin da bai sani ba shi ne, cikin shekara bakwai da ya yi yana aiki a jiragen ruwa, masu gadin daji sun sare su kaf, wai baƙin itatuwa ne masu shanye ruwa. Kututture ɗaya ya rage.

Kwanansa goma da dawowa, kuma ranar Litinin zai koma. Shi ya sa mahaifiyarsa Merle ta ce a ɗaura tirelar nan ta tafi-da-gidanka, mai ɗakin kwana a ciki, a bayan mota, su je su yi kwana biyu kamar da: ita, da shi, da ƙanwarsa Shirin, da Kawu Gulam, ƙanin kakarsu, wanda ya haura tamanin.

Sun isa da la'asar sakaliya, jar ƙura ta rufe su har gira. Sai a lokacin aka gane Nazar ya manta itacen wuta a gida.

"Shekara bakwai a teku, itace ya gagare ka tunawa," in ji Shirin. "Yaya, a jirgin da kifi kuke hura wuta?"

"Je ki dafu a ruwan can, ko bakinki ya yi laushi."

Shirin da Merle suka tafi wanka a ruwan, Kawu Gulam yana ɗingishi a baya. Nazar bai iya zama ba, dama bai taɓa iyawa ba. Ya kewaya tirelar, ya duba tayoyi, ya sake dubawa, sannan ya ɗauki gatari ya bi bakin ruwa. Can ya ga busasshen kututture, a kansa akwai 'yan ƙwallayen dabino. Ya share su da hannu, ya faskara shi.

Wutar ta kama da wani ƙamshi mai zaƙi. Rana ta yi ja, ƙudaje suka ɗauke, tururi ya kwanta a kan ruwa. Suna shan shayi dutse na farko ya faɗo a rufin tirelar. Sai na biyu. Nazar ya ɗauki ɗaya, ya ji shi da ɗumi, a jiƙe, kamar yanzu aka tsamo shi daga ƙasan ruwa. Babu kowa a filin sai su. Daga nesa, ta inda ba hanya, ƙararrawar raƙumi tana kaɗawa a hankali.

Shirin ta ajiye kofinta, ta shiga tirelar.

Da gari ya waye ba ta fito ba. Tana zaune a gefen gado, ƙafa a lanƙwashe, jikinta sanyi ƙalau. Merle ta ce su koma gida. Nazar ya murɗa makulli, motar ta tashi lafiya, amma tirelar ta ƙi motsi, kamar an dasa ta. Ya kwance, ya ɗaura, ya shiga ƙarƙashi, ya fito, har azahar. Kawu Gulam dai ya bi bakin ruwa da sandarsa. Ya dawo da ɓaragurbin itace a hannu.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Kawu. Mataccen itace ne ai."

"Mataccen itace," tsohon ya maimaita. Ya nemi buta.

Bai shiga wajen Shirin ba sai da rana ta sake yin ja. Ya yi sallama a ƙofar tirelar kamar mai shiga gidan wani, ya zauna a ƙasa, ya karanta Ayatul Kursiyyu sau uku. A na uku Shirin ta ɗago kai. Muryar da ta fito ta tsoho ce, busasshiya, da yaren kakanni wanda Kawu Gulam kaɗai ke tsintar kalmominsa. Shi ya riƙa fassara musu.

"Ya ce a cikin buhun dabino ya zo, a bayan raƙumin kakana. Ya ce an sare masa gidaje ɗaya bayan ɗaya, bai tanka ba, domin baƙi ne suka yi. Na ƙarshe kuwa ɗan gida ne ya ƙone shi, ya dafa shayi."

Merle ta rufe bakinta da mayafi.

"Ka fita daga jikin yarinya," in ji Kawu Gulam. "Ba ita ta ɗauki gatari ba."

Bakin Shirin ya yi murmushin da ba nata ba.

"Ya ce ina zai je? Ya ce nan akwai inuwa."

"Kawu, ce masa ya riƙe tirelar," in ji Nazar. "Mun bar masa."

"Ya ce ya gaji da abin da ke tafiya. Saiwa yake so."

Tsohon ya zaro dabino ɗaya daga aljihu, ya ci, ya ajiye ƙwallon a tafin hannunsa.

"Nan za su sake sarewa. Amma a bayan gidan Merle babu mai taɓa maka. Za a shuka wannan. Ka shiga, ka sake ta."

Muryar ta yi magana mai tsawo. Kawu Gulam bai fassara nan take ba, sai da ya kalli Nazar.

"Ya yarda. Amma hannun da ya ƙone shi ne zai ba da ruwa, safe da yamma, har ya yi 'ya'ya. Ranar da aka tsallake, ya san hanyar ɗakin yarinya."

"Shekara nawa dabino ke yi?"

"Shida. Bakwai."

"Kawu, Litinin jirgina zai tashi."

Nazar ya kalli ƙofa, ya ga hanya miƙe har inda sama ta taɓa ƙasa. Ya kalli hannun ƙanwarsa a kan gwiwa, farcenta ya yi shuɗi don sanyi. Ya miƙa tafinsa.

Ƙwallon yana sauka a hannunsa ya ji nauyi kamar dutsen niƙa. Shirin ta yi atishawa, ta dubi kowa ɗaya-ɗaya.

"Me ya sa kuka cika ɗakin? Yaya, kuka kake yi, ko hayaƙin kifin ne?"

Da safe tirelar ta bi mota kamar ba ita ba. Mata suka yi barci a kujerar baya. Nazar yana tuƙi, ƙwallon yana aljihun gabansa, yana jin ɗuminsa a ƙirji.

"Abu ɗaya ban faɗa ba jiya," in ji Kawu Gulam, idonsa a kan hanya. "Dabinon ƙwallo, rabi maza ne. Namiji ba ya 'ya'ya. Kuma ba a ganewa sai ya girma."

Nazar ya rage gudu.

"To in namiji ne fa?"

"Kafin nan ka koyi zama."